A Ji Shaidu Kafin A Hukunta Kafireta

A daminar bara, wata iska mai ƙarfi da ta riga ruwa isowa da la'asar sakaliya ta tsage wani babban reshe daga jikin dalbejiyar da ke ƙofar gidanmu, ta kwantar da shi rabi bisa katanga rabi a kan hanya, har ya zamana ko mai Keke Napep ba ya iya ratsa lungun; da yake kuwa kaurin reshen ya fi ƙarfin ɗan gatarin da muke faskare da shi, sai maƙwabta suka ba ni shawara in nemo masu zarton inji, irin waɗanda ke zaune a gefen 'yan katako suna jiran mai kira. Washegari da hantsi suka iso su biyu, mai injin, wani magidanci da ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, da yaronsa mai ɗauke da jarkar mai. Muka yi ciniki, na ba da rabin kuɗin, ya ja igiya, inji ya tashi yana tari yana fitar da hayaƙi mai kauri, ya ɗora shi a kan itace, bai ci ko taƙi ɗaya ba ya mutu. Ya sake ja, ya sake tashi, ya sake mutuwa. A karo na uku bai ce uffan ba, sai ya miƙa hannu baya, yaron kuwa, da yake ya saba, ya ɗora masa 'yar siririyar sukudireba a tafi, ya zura ta cikin wasu ƙananan ramuka a gefen injin, ya murɗa nan ya murɗa can, duk wajen dama, har hayaƙin ya ragu, injin ya yarda ya ci itace.

Da suka tsaya ƙara mai, sai yaron ya buɗe murfin baya ya zaro matacin iska, ga shi ya cika dam da ƙura da garin katako, ya daskare kamar busasshen taɓo. Ya nuna wa maigidansa, shi kuwa ya ce masa, "Kakkaɓe shi da kyau ka mayar." Ya bubbuga shi a jikin katanga har ƙura ta turnuƙe, ya mayar. Da aka sake tayar da injin, sai muryarsa ta canja gaba ɗaya, ta yi sama, ta yi tsini, har yaran unguwa da suka kewaye mu suka yi shewa, ni ma na ji daɗi a raina, na ɗauka lafiya ce ta samu. Ba a cika minti goma sha biyar ba, yana tsakiyar yanka, ya tsaya cak, tsayuwar da ba ta yi kama da mutuwarsa ta farko ba, kuma da mai shi ya kama igiya ya ja, sai ta ƙi motsi kamar an ɗaure ta a jikin dutse. Ya zauna a kan reshen, ya dafe kai, ya yi salati.

Tausayinsa da ya kama ni, da kuma son in san abin da ya faru, su suka sa na ɗauke su a mota zuwa rumfar wani dattijon bakanike da mai injin ya ce shi kaɗai ne a garin nan yake yarda ya bar masa injinsa ya kwana. Dattijon bai ko dubi kafireta ba. Ya kwance salansa, ya haska tocila ta cikin ramin da hayaƙi ke fita, ya kira mu mu leƙa: ga fistin ya yi zane-zane daga sama har ƙasa kamar an ja shi a kan tsakuwa, zoben da ke jikinsa ya manne a cikin gurbinsa. Ya ce, "Ɗana, wa ya taɓa maka allurar nan?" Mai injin ya ce, "Ni ne, Baba." Da ya gama jin labarin tun daga farko, sai ya girgiza kai ya ce, "Da ka fara da abin da yaronka ya ƙare da shi, da yanzu kana gida da kuɗinka a aljihu."

Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin abin da ya sami bawan Allahn nan ɗabi'a ce da ta game masu ƙananan injuna a Yerwa, watau Maiduguri, daga masu zarto zuwa masu injin ban ruwa a fadamun Alau da masu ƙananan janareta a bakin shaguna, watau da zarar inji ya yi tari ko ya mutu, sai a yanke wa kafireta hukunci tun ba a saurari shaida ko guda ba, alhali kuwa a mafi yawan lokuta ita ce aka zalunta, illar tana can wani wuri. Ra'ayina, wanda zan kafa masa hujja gwargwadon iko, shi ne murɗa allurar kafireta wajibi ne ya zama aiki na ƙarshe, bayan an bi duk sauran sabubba ɗaya bayan ɗaya an wanke su daga zargi. Kuma bakaniken da ya fara da allura ya taɓa amanar da aka ba shi ko da bai yi nufi ba, mai injin da ya matsa masa ya yi haka kuwa ya yi tarayya da shi a cikin laifin.

Kafireta dai mizani ce. Fetur ba ya ƙonewa sai ya gauraya da iska, gaurayar kuwa tana da ƙa'ida, domin masana sun tabbatar da cewa in ana so ya ƙone ƙurmus, to, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar kusan kashi 15 na iska in an auna su da nauyi, ko da yake ƙananan injuna sukan fi ƙarfi da lafiya in an ɗan rinjayar da ɓangaren fetur. Lokacin da Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera zartonsa na lantarki a 1926, wani Bajamushen kuma, Emil Lerp, ya fito da mai shan fetur a 1927, injunan manya ne ƙwarai, sai mutum biyu ke riƙe su, kafiretar masu fetur ɗin kuwa irin mai ɗan kofi ce wanda mai ke taruwa a cikinsa, wadda in an karkata ta sai mai ya zube ko ya yanke. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka wadata da irin wadda muke gani yau, wadda kamfanoni irin su Walbro da Zama da Tillotson ke ƙerawa, wadda a maimakon kofi aka sa mata tantani na roba mai laushi, siriri kamar ɓawon albasa, yana motsi da numfashin injin yana tsotso mai, ko an kwantar da zarton, ko an kifa shi, ko an hau bishiya da shi. Hanyoyin da mai ke bi a cikinta ba su kai ramin allurar ɗinki faɗi ba. A gefenta akwai sukuru uku: mai alamar L tana auna man da injin ke sha in yana tafiya a hankali, mai alamar H tana auna wanda yake sha in an matse totur, ta ukun kuwa, mai alamar T ko LA, ba ta auna mai, tana ɗaga abin da kanikawa ke kira sulo ne ko ta sauke shi. Biyun farko, waɗanda ake kira allura, in an murɗa su dama sai su rage mai, in an murɗa su hagu sai su ƙara.

A nan haɗarin yake, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya tsaya da ni. Injin zarto ba shi da ma'ajiyar baƙin mai daban kamar mota. Man da ke shafe fistin da sauran ƙarafan cikinsa a cikin fetur ɗin ake zuba shi, ya bi ta cikin kafireta tare da shi, bisa awon da kamfanin Stihl da takwarorinsa suka ƙayyade na kashi 1 cikin 50, watau mililita 20 ga kowace lita, ko mililita 100 ga lita biyar, wasu tsofaffin injuna da masu araha kuwa sukan bukaci ninkin haka. Saboda haka duk wanda ya tsuke allurar H ya yi abu uku a murɗa ɗaya: ya rage fetur, ya rage man shafawa, ya kuma rage sanyin da tururin fetur ke kai wa cikin injin, ga shi kuwa inji ne da ke juyawa sau 12,000 zuwa 13,000 a minti, kimanin sau 200 ke nan a sakan guda. Abin da ya fi ruɗarwa shi ne injin da aka ƙuntata wa mai muryarsa takan ƙara tashi, ya ƙara gudu, hayaƙinsa ya ɗauke, har wanda bai sani ba ya ce ai yanzu ne ya washe. Ƙarar nan da ta faranta mana rai a ƙofar gidana kukan yunwa ce. Mai injin ya tsuke allura ne domin ta dace da matacin da ya toshe, wanda ke hana iska shiga. Da yaro ya kakkaɓe matacin iska ta samu hanya, sai mizani ya karkata gaba ɗaya, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, ƙarfe ya ci ƙarfe.

In aka tambaye ni me ya sa wannan ɗabi'a ta yi ƙarfi a garinmu, sai in ce tarihin shekarun nan yana da hannu a ciki. Tun da gwamnatin jiha ta hana hawa babur a Maiduguri a watan Yuli na 2011 saboda halin tsaro, kanikawan babura masu yawa suka koma gyaran Keke Napep da duk wani ƙaramin inji da aka kawo musu, domin dole a ci abinci. Da aka rusa turakun da ke kawo mana wutar lantarki ta hanyar Damaturu a watan Janairu na 2021, gari ya daɗe cikin duhu, ƙananan injuna suka cika kowane lungu, kuma ko bayan an buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas a hanyar Baga a watan Maris na 2023 ba a rabu da su ba. Injuna suka yi yawa, waɗanda suka koyi gyaransu daga tushe suka yi kaɗan. Wanda ya koyi sana'a a kan babur ya saba da injin da baƙin mansa yake da mazauni daban, ba ya bi ta allurar kafireta, saboda haka in ya rage masa fetur kaɗan ba lalle ne a ga illar nan take ba. In ya zo ya yi wa zarto irin wannan hukunci, to, ya yi abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, wanda suka ce ba a gina hukunci a kansa. Ba ina aibata su ba ne, mutane ne masu basira da suka riƙe garin nan a lokacin da komai ya tsaya, amma basira daban, sanin illar hukunci daban.

Sai kuma tsadar mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafi, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, mu kuwa da ke ƙarshen hanya, nesa da tashoshin ruwa, kullum namu ya fi na wasu tsada. Daga nan kalmar "a rage masa shan mai" ta zama ita ce gaisuwar mai inji ga bakanike. Niyyar tanadi ce, kuma babu mai zargin wanda ke neman sauƙi a irin wannan zamani, sai dai a injin zarto wannan tanadi israfi ne da ya yi shigar tattali, domin ɗan abin da za a tsimi na fetur a wata guda ba zai kai ko kusa da kuɗin fistin da silinda ba, balle kwanakin da mutum zai yi a zaune ba aiki, iyali na jira.

Ƙasarmu ma tana da nata hukuncin a kan injuna. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi mu ne kusan farkon masu karɓarta a Nijeriya, tana da laushi kamar garin kwalli, in ta haɗu da garin katako da danshin mai a jikin mataci sai ta zama siminti. Matacin da a wata ƙasa zai yi mako ba a duba shi ba, a nan kullum yake bukatar wanki. A bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, iska takan yi sakayau, abin da injin ke shaƙa ya ragu, sai ya zama kamar mai ya yi masa yawa. Wanda ya tsuke allura da tsakar ranar bazara har ta kai maƙura, in ya tashi injin da sanyin asubar Disamba, lokacin da iska ta yi nauyi, to, ya fita daga haddi bai sani ba. Ga kuma shi kansa man. Na 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko yashi ko kananzir a ƙasan jarka, kuma ba a nan kaɗai matsalar take ba, domin kowa na tune da watan Fabrairu na 2022 da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, hukuma da kanta ta tabbatar, ababen hawa suka yi ta lalacewa. Irin wannan sinadari yana busar da roba, ya sandarar da tantanin kafireta, haka nan man da aka gauraya aka ajiye fiye da wata guda yakan tsufa ya bar danƙo a cikin ƙananan hanyoyin nan. Bayan ambaliyar da ta biyo fashewar madatsar ruwa ta Alau ranar 10 ga Satumba, 2024, injuna da yawa sun kwana cikin ruwa da laka. Waɗanda aka shanya kawai aka tayar, ba a kwance an wanke cikinsu ba, har yau suna tari, masu su na ta murɗa allura, alhali tantanin da ya sandare da hanyar da laka ta toshe babu murɗawar da za ta warkar da su.

To, su wane ne shaidun da ya kamata a saurara? Dattijon nan ya nuna mini tartibinsa, na kuwa ga ya yi daidai da hankali, domin yana farawa da mafi sauƙi da araha ne. Yakan fara zuba man tanki a cikin kwalba mai haske ya ɗaga ta sama, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, in man ya tsufa warinsa zai faɗa. Sannan mataci na iska, sannan ɗan matacin da ke rataye a bakin tiyo cikin tanki, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba, yakan jawo shi da lanƙwasasshiyar waya ya duba, ya lanƙwasa tiyon ya ga ko ya tsage. Daga nan sai fulogi, wanda shi ne mafi gaskiyar shaidu, domin launinsa yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki: in ya yi ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa, mizani ya daidaita, in ya yi baƙi ya jiƙe, mai ya yi yawa ko iska ta toshe, in ya yi fari kamar toka, to, a kashe injin nan take, yunwa yake ji. Sai salansa, wadda baƙin mai na mota da wasu ke zubawa a maimakon man da aka yi domin irin wannan inji yakan cika ta da gawayi, har inji ya kasa fitar da numfashi, ya riƙa shaƙewa duk lokacin da aka matse totur.

Yadda injin ke mutuwa ma shaida ce ga mai lura. Wanda ke aiki lafiya na 'yan mintoci sannan ya mutu, in an buɗe murfin tanki aka ji ya ja iska, aka rufe ya tashi, to, ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe. Wanda ba ya tsayawa sai an ja masa cok, mai ne ba ya isa gare shi, ko kuwa iska na shiga ta wata ɓarauniyar hanya. Wanda sulonsa ke canjawa in an kwantar da shi ta gefe ɗaya, robobin da ke toshe bakin sandar injin ne suka saki, wannan kuwa shi ne mafi sharri, domin mai murɗa allura zai iya rufe alamar na kwana biyu, cutar na ci a ɓoye. Wanda kuma ke mutuwa in ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, a duba ko fulogi na ba da wuta a lokacin, mai yiwuwa koyil ne. Likitan da ya san aikinsa ba ya rubuta magani daga jin tari, sai ya tambaya tun yaushe, da dare ne ko da rana, da zazzaɓi ko babu.

In duk waɗannan sun kuɓuta, sai a zo kan allura, ita ma da sharuɗɗanta. Mataci ya zama wankakke, mai ya zama sabo kuma an auna shi da ma'auni, sarƙa a ɗaure daidai, inji ya ɗumama. A murɗa allurar ciki a hankali har ta taɓa mazauninta ba tare da an matse ba, domin tsininta na da saurin lalacewa, in ya lanƙwashe ko mazaunin ya buɗe ba za ta sake auna gaskiya ba. Sannan a dawo da ita baya gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa, wanda a injuna da yawa zagaye ɗaya ne ko kusa da haka. A fara da L, ana motsa ta kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce ɗaya bisa takwas na zagaye ba a kowane karo, ana saurare, har a sami inda sulo ya fi tashi, sai a ɗan buɗe ta hagu daga nan, yadda in an taɓa totur inji zai amsa ba tare da jinkiri ba. Sai a ɗaga sulo har sarƙa ta fara motsi, a dawo baya har ta tsaya cik. Daga ƙarshe H, wadda in akwai na'urar ƙidayar juyin inji ita ce ta fi aminci, in babu kuwa sai kunne: in an matse totur a wajen itace ya kamata a ji 'yar gargada a muryarsa, wadda ke washewa da zarar sarƙa ta kama itace. In babu gargadar nan, murya ta yi sumul ta yi tsini tun a waje, an wuce iyaka. Masu ƙera sababbin injuna sun san halin ɗan Adam, shi ya sa suke sa wa allurai 'yan huluna na roba masu hana su wuce haddi, abin takaici kuwa shi ne sau da yawa su ake fara ɓamɓarewa a yar.

Maganar sarƙa ta tsaya cik ba ƙaramar magana ba ce. Akwai masu ɗaga sulo sama domin kada inji ya mutu, sai sarƙa ta riƙa gudu ko ba a taɓa totur ba, mutum ya sauke hannu yana hutawa, ko ya juya zai yi magana, ta sami cinyarsa ko ƙafar yaronsa. Ga kuma waɗanda ke fita bayan gari neman itace, inda kowa ya san tsayuwar sa'a ɗaya a daji ana fama da injin da ya mutu ba abin wasa ba ce a shekarun nan. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, wadda Barno ta gada tun zamanin sarakunan Saifawa, sun tafi a kan cewa mai sana'ar da ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, in aka ba shi kaya ya keɓanta da su suka lalace, lamuninsu yana wuyansa sai in hujja ta tabbatar ba sakacinsa ba ne, kuma sun gina wannan ne bisa maslahar mutane, domin kada dukiyarsu ta tozarta a hannun masu gaggawa. Ina ganin da kanikawanmu za su riƙa tuna wannan mas'ala a lokacin da suka ɗauki sukudireba, da hannunsu ya ƙara nauyi.

Amma adalci ya wajabta in faɗi laifinmu, mu masu kai gyara, wanda a ganina ya fi nasu girma. In bakanike ya ɗauki rabin sa'a yana bincike, daga ƙarshe ya ce matacinka ne ya toshe, ga shi na wanke, sai mu ji nauyin ba shi lada, mu ce ai bai yi komai ba. In kuwa ya zura ƙarfe ya murɗa, ƙara ta tashi a gabanmu, sai mu biya da murna har da godiya. Mun koya musu da aljihunmu cewa ilimi ba shi da farashi, motsin hannu ne ke da shi. Dattijon nan ya gaya mini akwai waɗanda suka daina zuwa wurinsa domin ya ƙi rage musu shan mai, suka koma inda za a yi musu abin da suke so, bayan wata biyu suka dawo da injin a buhu. Wanda ya gano cutar da za a warkar da ruwa da sabulu ya fi cancantar lada a kan wanda ya kai ka ga sayen fistin, kuma har sai mun yarda da haka a wurin biya, ba a fatar baki ba, ba za mu sami kanikawa masu haƙurin bincike ba.

Akwai abin da hukuma da makarantu za su iya, ba kuwa mai tsada ba ne. Kwalejin Ramat tana garin nan, Jami'ar Maiduguri da aka kafa tun 1975 tana da sashen injiniya, ga cibiyoyin koyon sana'a da gwamnatin jiha ta gina; da za a ware kwas na mako biyu kacal a kan ƙananan injuna masu gauraya mai, a kira masu rumfuna da yaransu da yamma bayan sun tashi aiki, a koyar da su da Hausa da Barbarci, a kuma gayyato irin dattijon nan su tsaya gaban allo tare da malaman boko, da an tsare dukiya mai yawa. Littafin da ke zuwa cikin kwalin inji da Turanci yake ko da Sinanci, galibi ma a kasuwa ake yar da shi. Shafi biyu da harshen da mutane ke ji, mai ɗauke da awon mai da tartibin bincike da hoton launin fulogi, a manna a kowace rumfa, ya wadatar a fara. 'Yan kasuwar kayan gyara kuma su riƙa kawo tantani da tiyo da ƙananan matatai a ware, domin yanzu sau da yawa wanda tantaninsa kaɗai ya bushe sai ya sayi kafireta sukutum, wadda ba lalle ne ta kai tasa ta asali kyau ba, kuma kowace kwalbar mai a sayar da ita da ɗan kofin awo, a bar aunawa da murfin kwalba da ido.

Na san akwai mai cewa, a garin da hamada ke matsowa, me ya kai ka koya wa masu zarto gyaran makaminsu? Ina tare da shi a cikin damuwar, domin dalbejiyar nan da ta zama rigar Yerwa, baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Barno, shekara ashirin da ɗaya bayan Shehu Garbai ya tare a garin, kuma inuwar da muke sha yau wasu ne suka yi ta ban ruwa ba su zauna a ƙarƙashinta ba. Mai sare ta ba bisa ƙa'ida ba hukuma ta hukunta shi. Amma bishiyar gari tana bukatar sassabe, reshen da ya tsufa bisa rufin makaranta ko wayar lantarki dole a sauke shi, wanda iska ta kayar dole a kawar da shi daga hanya, kuma zarton da ke mutuwa a tsakiyar yanka, mutum yana saman bishiya, reshe ya tsage rabi yana lilo, ya fi kowane haɗari ga mai yankan da bishiyar da masu wucewa.

Mai injin ya ci bashi ya sayi fistin da silinda, bayan kwana tara ya dawo ya ƙarasa mini aikin, na lura kafin ya ja igiya sai da ya buɗe murfin baya ya duba mataci da kansa. Ranar da na raka shi karɓo injin, na tambayi dattijon, "Baba, yara nawa ke koyo a hannunka yanzu?" Ya ce da su biyu ne, ɗaya ya tafi tuƙin Keke Napep tun kafin azumi domin can ana samun na cefane kullum, ɗayan kuwa yana nan, sai dai har yanzu bai yarda ya ba shi 'yar sukudirebar ba, wankin mataci da duba fulogi yake yi, wata na bakwai ke nan.